Kwana biyar a ƙauyen Genêts, me za a gani ban da tumaki?

Hajiya barka da warhaka. Kin ce yaronki da ke karatu a Rennes ya kama muku gidan haya a wani ƙauye na Faransa wai shi Genêts na kwana biyar cikin watan Satumba, ke da Alhaji da yara biyu da Inna, kin duba hotunan wajen ba ki ga komai ba sai fili da tumaki da wani dutse can nesa, shine kike tambaya ko dai kuɗin sun tafi a banza ne, kuma me mutum zai yi a irin wannan wajen har kwana biyar. Toh ni shekarata goma sha huɗu a wannan yankin, kuma sana'ata kenan ɗaukar baƙi a mota ina zagawa da su tsakanin Normandi da Bretagne, saboda haka bari in faɗa miki gaskiya, yaron nan ya iya zaɓe, ki sa masa albarka kawai.

Amma kafin in fara jero miki sunayen wurare akwai abu ɗaya da in ba ki gane shi ba duk sauran bayanin ba zai amfane ki ba. A wannan gaɓar teku ba agogo ke mulki ba, ruwa ne. Tekun yana cikowa ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, wato kullum lokacin yana matsawa da kamar minti 50, kuma a wannan lungun da ake kira Baie du Mont-Saint-Michel bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yana kaiwa mita 14 a manyan ranaku, yana cikin mafi girma a duk Turai. In ya janye yana iya yin nisan kilomita 15, ki tsaya bakin gaɓa ki rantse da Allah babu teku a wajen, yashi ne kawai har iya ganinki kamar kina hamadar Tenere, bayan 'yan awanni ki dawo ki tarar da ruwa har gindin ciyawa. Saboda haka ranar da kuka sauka abu na farko ki nemi jadawalin ruwa, horaires des marées suke ce masa, ana samun shi kyauta a ofishin masu yawon buɗe ido ko a waya. Za ki ga wata lamba a gefen kowace rana daga 20 zuwa 120, ita ce ƙarfin cikowar. In ta haura 90 ranar akwai kallo, in ta kai wajen 110 dutsen nan da kika gani a hoto, wato Mont-Saint-Michel, ruwa yana zagaye shi gaba ɗaya ya koma tsibiri na ɗan lokaci.

Mu da muke bin lissafin wata ma abin ya fi mana sauƙi, don wata ne ke jan ruwan. Manyan cikowa suna zuwa ne kwana ɗaya biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan ya cika, wato wajen 15, 16, 17 ga watan Musulunci, kuma mafi girmansu a shekara suna faɗowa wajen Maris da Satumba. Kin ga kun dace da wata kenan. Ki duba kalandar Hijira ki gani ko kwanakinku sun hau, in akwai halin matsar da tafiyar da kwana biyu uku don ta hau to wallahi ku matsar. Ranar 21 ga Maris 2015 lambar ta kai 119, mutane suka yi ta tururuwa daga ko'ina, ni kaina ranar sai da na ajiye mota nesa muka taka.

Shi Genêts ɗin ƙaramin ƙauye ne, mutanensa ba su wuce ɗari huɗu da wani abu ba, da tsohon cocinsu na dutse tun ƙarni na 12, a da can shi ne tashar jiragen ruwan da ke yi wa dutsen hidima kafin yashi ya cike wajen. Abin da ya sa na ce yaronki ya iya zaɓe shi ne, daga nan ne ake tsallakawa zuwa dutsen a ƙafa, ta cikin tekun, lokacin da ruwa ya janye. Akwai wani waje Bec d'Andaine, bai fi kilomita biyu daga tsakiyar ƙauyen ba, nan ake taruwa. Zuwa kusan kilomita 7 ne, zuwa da dawowa 13 zuwa 14, a ƙiyasta awa biyar zuwa shida har da hutun kamar awa ɗaya a can. Haka masu ziyarar ibada na Kirista suke yi tun shekaru ɗaruruwa, kuma har yau in kika tambaye ni abu ɗaya tak da za a yi a yankin nan to shi ne wannan, ya fi shiga cikin ginin ibadar da ke kan dutsen a wajena.

Amma dan Allah, dan Annabi, kada Alhaji ya ce ai ga dutsen nan muna ganinsa mu tafi kawai. Na san halin mazanmu, ni ma namiji ne. Ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma ki nemi wanda yake da takardar shaidar hukumar yankin, ana yin rajista tun kafin ranar. Dalili uku ne. Na farko koguna uku ne ke zuba a wajen, Sée da Sélune da Couesnon, kuma hanyarsu cikin yashi tana canzawa, inda aka bi makon jiya ba lallai a bi yau ba. Na biyu akwai yashi mai haɗiye ƙafa, sama a bushe ƙasa ruwa, kina tsayawa yana lumewa da ke, ba wai zai haɗiye mutum gaba ɗaya ba kamar yadda ake zuzutawa, a'a zai riƙe ki ne zuwa cinya ki kasa fita, ruwa kuma yana tafe. Na uku hazo, yana sauka ba sallama, dutsen da kike gani ya ɓace ki rasa gabas ki rasa yamma. Mutanen nan suna da wata magana wai ruwan yana dawowa da gudun doki a sukuwane, ƙari ne, yawanci gudunsa kamar na mai sauri a ƙafa ne, sai dai ba ta gaba kawai yake zuwa ba, yana bin kwaruruka ya zagayo ta bayanki ya datse hanya, nan ne matsalar. 'Yan jagoran suna nuna wa mutane yadda ake fita daga yashin, su sa yara su yi ta tsalle a kai har ya fara rawa kamar katifa, yaranki za su ji daɗin wannan sosai. Lambar gaggawa 112, ta teku kuma 196, ki ajiye a waya.

Maganar sutura tunda ke ce. Ba takalmi ake tafiya, ruwa yana kaiwa gwiwa wani lokacin cinya wajen tsallake kogunan, Turawa gajeren wando suke sawa. Matan da nake kaiwa abin da muke yi, dogon wando mara nauyi mai saurin bushewa, riga zuwa gwiwa, ɗan hijabi ƙarami wanda iska ba zai yi ta fizga ba, sai rigar sanyi a jaka. Kada ki sa zani ko doguwar abaya, na taɓa kai wata baiwar Allah da ta ƙi jin magana, lakar nan mai toka-toka ta kama bakin abayar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata buhu, haka muka yi ta jiranta har ɗan jagoran ya fara duba agogo yana ɓata rai. Inna kuwa kada a kai ta, tafiyar ta yi mata yawa. In yaran ƙanana ne akwai gajeriyar tafiya zuwa Tombelaine, wani ƙaramin tsibirin dutse a rabin hanya, kamar awa uku zuwa da dawowa. A nan Ingilishi suka kafa sansani lokacin yaƙin shekara ɗari tsakaninsu da Faransa suna hararar babban dutsen, suka yi ta yi ba su ci shi ba, har a wani hari da suka kai masa a 1434 suka gudu suka bar manyan bindigoginsu, guda biyu suna nan a bakin ƙofar shiga dutsen har yau.

Toh shi babban dutsen, Mont-Saint-Michel. A mota daga Genêts sai an zagaya ta Avranches, kilomita talatin da 'yan kai, kamar minti 40. Ana ajiye mota nesa, wajen kilomita biyu da rabi, a biya kuɗin fakin sannan a hau bas kyauta ko a taka. Gadar da za ku bi sabuwa ce, 2014 aka buɗe ta. Da can wata hanyar ƙasa ce da aka cike tun 1879, ita ta tare ruwa yashi ya yi ta taruwa har dutsen ya kusa komawa cikin gona, shine aka rushe ta, aka yi gada mai ƙafafu ruwa na bi ta ƙasa, aka kuma gina madatsa a kan Couesnon wadda take tara ruwa in teku ya ciko ta sake shi in ya janye don ya wanke yashin. Alhaji in mai son aikin injiniya ne ku tsaya a kan madatsar, daga nan ma hoto ya fi kyau.

Labarin wajen a taƙaice, Kiristocin suna cewa a shekarar 708 wani bishop, wato babban limamin coci, na Avranches mai suna Aubert ya yi mafarki da Mala'ika Mika'ilu ya umarce shi ya gina wajen ibada a kan dutsen, a 966 ruhubanawa suka zauna, daga nan aka yi ta ɗora gini a kan gini. Abin da nake so ku lura da shi shi ne ɓangaren arewa da aka gina a farkon ƙarni na 13, hawa uku ne kuma kowa da matsayinsa, ƙasa inda ake karɓar talakawa a ba su sadaka, tsakiya zauren sarakuna da manyan baƙi, can sama kuma ruhubanawan da ɗakin cin abincinsu da wani ɗan lambu mai ginshiƙai. Bayan juyin juya halin Faransa aka mayar da wajen kurkuku har 1863, za ku ga wata ƙatuwar ƙafar katako da fursunoni ke shiga ciki suna takawa tana juyawa tana jawo kaya daga ƙasa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Matakala ta kai 350 kafin a isa sama kuma cocin yana kan tsayin kusan mita 80, saboda haka Inna ta tsaya ƙasa wajen ganuwa ta sha iska, ba abin da ta rasa sosai. Wajen ibadar Kirista ne har yanzu ana yin addu'o'i a ciki, wanda ransa bai kwanta da shiga ba zai iya zagaya ganuwa kyauta, ba a biyan komai sai in za a shiga ginin sama.

Shawarata a nan, kada ku je tsakar rana. Mutum sama da miliyan biyu ke zuwa a shekara kuma titi ɗaya ne siriri a ciki, daga ƙarfe 11 zuwa 4 kamar kasuwar Kurmi ana jibi sallah, kafaɗa da kafaɗa, shaguna duk tarkacen tsaraba ne masu tsada. Ku je da sassafe ko bayan la'asar, ku ci abincinku kafin ku shiga ko ku riƙo a jaka. Akwai wainar ƙwai da aka san wajen da ita tun ƙarni na 19, ni dai ban ga abin da ta fi ta mai shayi ba in ban da kumfa, amma wannan ra'ayina ne.

Yanzu abin da yawancin baƙi ba su sani ba, kuma yana bayan gidanku. Tsakanin Genêts da Avranches akwai ƙauyen Vains da unguwar Saint-Léonard, da wani tsinin dutse da ya shiga cikin ruwa ana ce masa Pointe du Grouin du Sud. Ranar babbar cikowa ku je can kamar awa biyu kafin lokacin da jadawali ya nuna, yawanci yana faɗowa ne da safe ko wajen magariba, ku zauna a kan ciyawa ku jira. Za ku fara jin ƙara kamar iska cikin dawa, sai ku hango wani farin layi yana tahowa, igiyar ruwa ce guda ɗaya tana hawa kogi ta baya, ruwan kogin yana gangarowa ita tana tura shi sama, masu ƙananan kwale-kwale suna binta. Sunanta mascaret. Cikin ƙasa da awa ɗaya filin da kuka gani ya zama teku. Wannan Inna za ta iya, mota na kaiwa kusa, kuma kyauta ne. Ni duk shekarun nan ban gaji da shi ba, sai dai mutum ya yi ta tasbihi.

A nan kusa kuma akwai ɗan gidan tarihi, Écomusée de la Baie, inda suke nuna yadda mutanen da suke yin gishiri. Ba shanya ruwa suke a rana ba don ranar ba ta isa, yashin da teku ya jiƙa suke kankarewa, su tace shi da ruwa, su dafa ruwan a faranti kan wutar itace har ya zama gishiri, sarki kuma ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu haraji. Ranar da na fara gani dariya na yi, don kusan haka ake yin mangul a ƙasar Manga, a tace ƙasa a dafa. Haka tumakin da kika gani a hoto, ba tumakin banza ba ne, ciyawar da teku ke rufewa lokaci lokaci suke ci, mai gishiri-gishiri, naman ragon ya yi suna a duk Faransa da sunan pré-salé kuma yana da tsada. Mu da muka san ba dabba kanwa da kai garke In-Gall lasar gishiri ba za mu yi mamaki ba. Sai dai ba yankan Musulmi ba ne a mahautan ƙauyen, sai kallo.

Tunda maganar abinci ta zo. Ku yi cefanen nama na halal a Rennes kafin ku taho, can akwai mahauta da masallatai, gidan haya kuma yana da kicin. A gidajen abinci ku kula da abu uku. Wata waina mai faɗi baƙa-baƙa da suke kira galette, kamar sinasir amma siririya, yawanci da naman alade take zuwa, ki ce a sa miki ƙwai da cuku kawai. Abin shan da ake kawowa da ita, cidre, ruwan tuffa ne amma giya ce, ki ce jus de pomme. Sannan moules, wasu ƙananan kawa baƙaƙe da ake kiwo a jikin turaku a Le Vivier-sur-Mer, suna da daɗi amma yawanci da farar giya ake dafawa, sai an tambaya. Kifi dai ga shi nan sabo. Shagunan ƙauye suna rufewa daga wajen 12 da rabi zuwa 2 ko 3, Lahadi da yamma ba kowa, Litinin ma da yawa a rufe. Kuma duk shagon da kika shiga ki fara da bonjour, in ba ki yi ba za ki ga an sha miki kunu ki ɗauka wariya ce alhali gaisuwa kika tsallake, a wannan dai halinsu ɗaya da namu.

Avranches kilomita goma ne, ku je ranar Asabar da safe don ranar kasuwarsu ce. Akwai gidan tarihi Scriptorial da aka buɗe a 2006, nan ake ajiye littattafan rubutun hannu kusan 200 da aka kwaso daga dutsen bayan juyin juya hali, a kan fata aka rubuta su, har da na ilimin taurari da likitanci, kaɗan kaɗan ake fitowa da su don haske na ɓata su. Duk wanda ya taɓa ganin alaramma yana rubutu da tawada da zayyana zai tsaya ya daɗe a nan. Daga lambun garin, Jardin des Plantes, ana hango lungun tekun gaba ɗaya. Ta garin nan ne kuma sojojin Janar Patton na Amurka suka ɓalle wa Jamusawa a yaƙin duniya na biyu, ƙarshen Yuli 1944, akwai dandali da tankar yaƙi da sunansa.

Wata ranar ku yi arewa ta hanyar bakin teku, Saint-Jean-le-Thomas, Champeaux, Carolles. Hanyar tana hawa kan gaɓar dutse mai tsayi, akwai wata 'yar bukkar dutse ta masu gadin teku na da, Cabane Vauban, tafiyar 'yan mintuna daga inda ake ajiye mota, ku riƙe yara da kyau don iska. Daga nan sai Granville, kamar kilomita 25 daga gidanku, garin masunta mai tsohuwar unguwa a kan tudu. A nan aka haifi shahararren mai tsara tufafin nan Christian Dior a 1905, gidan da ya tashi yanzu gidan tarihin kayan sawa ne da lambu mai kallon teku, na san wannan kam ke za ki ja Alhaji ba shi zai ja ki ba. Daga tashar Granville jirgin ruwa na zuwa tsibiran Chausey cikin kamar awa ɗaya, mutanen wajen suna cewa tsibiri 52 ne in ruwa ya cika, 365 in ya janye, ban ƙirga ba. Yini guda yake ci kuma shi ma lokacin tashinsa ruwa ke yankewa, in akwai mai jiri a jirgi ku bar shi.

Ranar da aka tashi da ruwan sama, kuma za a tashi, Normandi ce, ku nufi Villedieu-les-Poêles, rabin awa da ɗan ɗori, garin maƙeran jan ƙarfe, tukwane da kasko tun ƙarnoni. Akwai maƙerar ƙararrawa Cornille Havard tun 1865, su suka zuba takwas daga cikin sababbin ƙararrawan babban cocin Notre-Dame na Paris a 2013, ana shiga a ga yadda suke yin mazubin da yumɓu da gashin akuya da kashin doki, in kin taɓa ganin masu zubin tagulla a Bida abin ba zai zama baƙo ba. Talata ce kasuwarsu.

Saint-Malo da Cancale suna ɗaya gefen, cikin Bretagne, sama da awa ɗaya a mota. Saint-Malo gari ne mai ganuwa da ake zagawa a kanta, yawancinsa ya ƙone a yaƙin 1944 aka sake gina shi da dutse kamar yadda yake, kuma wani ɓangare na dukiyar da ta gina manyan gidajensa daga fashin teku da cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta fito, ba kowane ɗan jagora zai faɗa muku ba. Kusa da shi akwai madatsar Rance da ke samar da lantarki da cikowar teku tun 1966. Yana da kyau amma ni da kwana biyar, da tsohuwa, da yara, ba zan matsa ba, tunda yaronki yana Rennes wata zuwan ya kai ku a jirgin ƙasa, bai kai awa ɗaya ba daga can.

Mota kam dole ce, bas a ƙauyukan nan jefi jefi ne. In za ku yi haya ku faɗa tun wuri in otomatik kuke so don yawancinsu masu giya ne, kuma a gaya wa mai tuƙin cewa a ƙananan hanyoyi in babu alama to wanda ya fito ta dama shi ke da hanya ko da daga lungu ya ɓullo. Ku riƙo darduma a but, ba wanda zai hana ku sallah a gefen fili, alƙibla tana kudu maso gabas. In kin turo min ranakun da za ku sauka zan duba jadawalin in faɗa miki wace rana za a tsallaka, wace rana za a kai Inna kallon ruwan.